Ƙugiya Mai Gashin Zabo

Alhaji Ɗan Juma ya daɗe a Paris har furfura ta fito masa a can, amma hanyoyin da ya sani a birnin ba su da yawa. Ya san hanyar gidansa zuwa shagonsa na shadda da zaren surfani a Goutte d'Or, ya san ta Aubervilliers inda yake saro kaya, sai kuma ta filin jirgi. Mutumin Maraɗi ne, gajere kakkaura, mai saurin tafiya kamar ana kiransa a gaba. 'Ya'yansa biyu sun girma sun tashi, namijin yana karatu a Kanada, macen tana aure a Yamai. Gida ya rage daga shi sai matarsa Hajiya Luba, hirarsu kuma ba ta wuce ta ciniki da ta kiran tarhon yara.

Wata Juma'a cikin Satumban 1995, an sauko daga masallaci ke nan, Malam Idrissa mai turare ya riƙe masa hannu a bakin titi. A makon ya dawo daga Lyon.

"Alhaji, ashe mijin ƙanwarka ya koma Basarke ba ka gaya mana ba?"

"Wane? Rachidou? Mutumin da ke aikin ɗaukar hoton ƙirji a asibiti?"

"Shi fa. An ce duk Asabar sai ya tafi cikin duwatsu ya shiga ruwan sanyi har ƙugu. Abin da ya fi ɗaure mini kai, in ya kama kifin sai ya sake shi."

"Ya sake shi ina?"

"Cikin ruwan mana. Ya koma gida hannu rabbana."

Waɗanda ke kusa suka yi dariya, Alhaji ma ya taya su, amma maganar ta tsaya masa a rai. Shi ne ya ba da auren ƙanwarsa Zouera bayan rasuwar mahaifinsu, kuma har yau bai taɓa sakin jiki da Rachidou ba. Mutum ne dogo, mara yawan magana, ɗan Gaya, wanda in sun haɗu a suna ko biki gaisuwa kawai ke shiga tsakaninsu. Yana komawa shago ya ɗauki tarho.

"Zouera, ina yini, ya yara? Gaya mini gaskiya, mijinki lafiyarsa ƙalau?"

Da ya faɗa mata abin da ya ji, sai da ta yi dariya har ya janye kan tarhon daga kunnensa.

"Yaya, ni na gaji da bayani. Gani ya kori ji. Ka hau jirgi ka zo ya tafi da kai."

Ya ce shago ba zai tsare kansa ba. Amma da ya kai wa Hajiya Luba labarin, ita ta ciro masa jaka daga saman kabad.

"Abdou yaron shago yana nan, ya san farashin kowane yadi. Ka je ka ga ƙanwarka. Rabonka da gidanta tun sunan autarta."

Haka ya hau jirgi mai sauri ranar Juma'ar da ta biyo. Rachidou ya tarbe shi a tashar Part-Dieu ta Lyon, ya karɓi jakar da hannu biyu, suka yi gaisuwa mai tsawo. A gida, bayan an ci tuwon semul da miyar kuɓewa, Alhaji ya gyara murya ya ce a nuna masa kayan sana'ar.

Rachidou ya kai shi wani lungu na falo inda ya ajiye ƙaramin tebur. A kai akwai wani ɗan ƙarfe mai baki da ya cije ƙugiya, ga gashin tsuntsaye kala-kala, ga ƙananan kwarkwaron zare. Ya buɗe wani akwati mai faɗin tafin hannu. Ƙugiyoyi ne jere, kowace an naɗe ta da zare da gashi har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan ƙaramin kifi.

"Nasara suna ce masa mush, wato ƙuda," in ji Rachidou. "Ba a sa tana, ba a sa komai. Wannan ɗin ne abincin."

"To wane kifi ne wawan da zai ci gashi?"

"Turwit, Yaya Alhaji. Amma ba ƙananan da ke zaune cikin kogi ba. Waɗannan a tafkin Leman suke girma, wani ya kai tsawon hannunka. In kaka ta zo aka yi ruwan sama, sai su bar tafkin su hau ƙananan kogunan da ke zuba cikinsa, su koma wajen da aka ƙyanƙyashe su don su yi ƙwai. A kan hanyar muke tare su, kafin hukuma ta rufe kamun."

"Da yunwa suke hawowa ke nan."

"A'a. In sun shiga kogi da wuya su ci abinci. Sai dai in abin ya gifta ta gaban hancinsa ya ba shi haushi, ya kai masa cafka."

Alhaji ya dube shi, ya dubi akwatin.

"Tsaya in gane. Kifin ba ya jin yunwa, abincin kuma na ƙarya ne, in ka kama shi kuma ka sake shi. Rachidou, ni tun ina yaro nake kasuwa, ban taɓa jin irin wannan ciniki ba."

Rachidou ya yi murmushi kawai, ya ce su kwanta da wuri.

Bayan sallar asuba suka kama hanya a motar Rachidou. Gari yana wayewa duwatsu suka fara tasowa a gabansu, kawunansu cikin hazo. Alhaji ya ga shanu jajaye masu ƙiba, ba tozo, kowace da ƙararrawa a wuya, ya ce a rage gudu ya duba su da kyau. A wani ƙauye suka tsaya aka yanka masa katin izinin kamun kifi a shagon sayar da taba da jaridu, sannan suka gangara wata 'yar hanya har bakin ruwa.

Kogin bai kai faɗin Gulbin Maraɗi da damina ba, amma yana da ƙarfi, launinsa kore-kore, yana gudu a kan duwatsu da ƙara. Rachidou ya ba shi wandon roba mai haɗe da takalmi wanda ke kaiwa har ƙirji. Na mai tsawo ne, don haka ya tattare wa Alhaji a gwiwa, ya kuma matse shi a ciki. Alhaji ya ce Allah ya sa kada wani ɗan Goutte d'Or ya gifta.

Da ya sa ƙafa a ruwan sai ya ji kogin ya rungume masa cinyoyi yana turawa. Sanyin ya ratsa robar. Ya damƙe hannun Rachidou, abin da bai taɓa yi ba, har suka tsaya a kan tsakuwa.

Sandar kamun kifin doguwa ce, siririya, ba nauyi, da kwarkwaro a gindinta. Rachidou ya nuna masa. Ya ɗaga sandar, zaren mai kauri ya tashi ya miƙe a bayansa, ya turo shi gaba, ya kwanta a kan ruwan a hankali har ƙugiyar ta sauka can kusa da ɗaya gaɓar.

"Ba ƙarfi ba ne, Yaya Alhaji. Zaren ne mai nauyi, shi ke ɗaukar ƙugiyar. Ka ɗaga, ka dakata ya miƙe a bayanka, sannan ka tura. In ya sauka ka bar ruwa ya ja shi ya kewayo. In ba komai, ka matsa ƙasa kaɗan ka sake."

Dakatawar nan ita ta gagari Alhaji. Yana ɗagawa yake turawa, kamar mai korar awaki da tsumagiya. Zaren ya yi ta faɗowa a tare a gabansa. Sau ɗaya ya kama reshen itace, sau ɗaya kuma ƙugiyar ta cire masa hula ta jefa a ruwa, Rachidou ya bi ta da ragar hannu ya tsamo. Alhaji ya karɓi hular tana ɗiga, ya dube ta, sai dariya ta kama shi. Rachidou ya yi ƙoƙarin riƙe tasa saboda kunya, ta ƙwace masa.

Wajen hantsi jifarsa ta fara kai tsakiyar kogi. Rachidou ya matsa sama ya bar shi shi kaɗai. Jifa, jira, matsawa. Rana ta fito ta dafa masa ƙeya. Wani ɗan tsuntsu mai farin ƙirji yana ta nutso daga kan dutse yana fitowa a bushe. Sai da Rachidou ya kira shi sallar azahar ya lura tun da ya shiga ruwan shago bai faɗo masa a rai ba.

Suka yi alwala da ruwan da ke sa haƙora kaɗawa, suka yi salla a kan ciyawa, suka ci burodi da sardin da shayin fulas. Nan ne Alhaji ya tambaye shi yadda aka yi ya faɗa wannan abu.

"Wani tsoho abokin aikina ya fara kawo ni, kafin ya yi ritaya." Rachidou ya juya kofin a hannunsa. "Ka san aikina. Mutum ya shigo yana yi mini raha, in ɗauki hotonsa, in ga abin da ke cikin ƙirjinsa tun shi bai sani ba. Ba ni da izinin faɗa masa, sai in ce ya jira likita. Da can da su nake komawa gida, Zouera ta sha fama da shiruna. Yanzu in na tsaya cikin ruwan nan yini guda, sai in koma da sauƙi."

"Kifin kuma?"

"Ban zo don nama ba. In na ga wanda ya yi wannan doguwar tafiya, sai in ji ina so ya ƙarasa ta. Amma doka ba ta hana ɗauka ba, in ya kai awon da aka ƙayyade."

Alhaji ya ƙara masa shayi da hannunsa.

Da la'asar ta kusa, zaren Alhaji yana kewayowa a gindin wani dutse sai aka fizge shi da ƙarfin da ya ji har kafaɗa. Wani abu fari mai walƙiya, mai kaurin cinya, ya juya a saman ruwa. Alhaji ya finciko sandar da duk ƙarfinsa, siririn zaren da ke bakin ƙugiyar ya tsinke, shi kuma ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin kogi. Ruwa ya kwarara cikin wandon robar. Rachidou ya zo da gudu ya ɗaga shi.

"Ka gan shi?" Alhaji yana haki, gemunsa na zuba. "Rachidou, ka gan shi kuwa?"

"Na gan shi, Yaya Alhaji. Babba ne."

Ya koma Lyon naɗe da bargon mota, haƙoransa na haɗuwa, bai daina ba da labarin ba. Zouera ta riga ta dafa kaza, don ta ce ita ta daina ɗora tukunya da sa ran kifi tun shekarun baya. Da zai hau jirgi washegari, Rachidou ya miƙa masa wani dogon kwano siriri. Tsohuwar sandarsa ce a ciki. Alhaji ya ce me zai yi da ita a Paris, amma bai mayar ba.

Sandar ta yi makonni a bayan ƙofa. Sai ga babban yajin aikin ƙarshen shekarar nan, metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya tsaya, jiragen ƙasa suka tsaya, masu saye suka ɗauke ƙafa. Alhaji ya zauna a shago yana kallon titi har zaman ya ishe shi. Wata safiya ya ɗauki kwanon ya ce wa Hajiya Luba zai taka zuwa filin La Villette.

"Akwai kifi a ciyawar ne?"

"Hannu zan koya."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ya jira ta sa mayafi da kwat, don ba za ta bari a ba ta labarin wannan abu a bakin wani ba.

Suka bi gefen kanal a ƙafa cikin sanyi. A filin ya ɗaura ɗan jan ulu a maimakon ƙugiya, ya shimfiɗa hankici a nesa, ya shiga jifa. Masu gudun motsa jiki suna waiwayen wannan dattijo mai hula da doguwar riga a ƙarƙashin kwat yana kamun kifi a kan ciyawa. Hajiya Luba tana kan benci da fulas ɗin kunun gyaɗa, tana ba da hukunci.

"Ka yi gaggawa. Bai miƙe ba ka tura."

"Ke kin san abin ne?"

"Ni nake ganin bayanka, kai ba ka gani."

Gaskiyarta ce kuwa. Ya koma sauraronta. In ta ce "yanzu" sai ya tura, zaren ya tafi ya kwanta. Yajin aiki ya ƙare, ciniki ya dawo, amma fitar safiyar Lahadi ba ta tsaya ba. A hanyar dawowa sukan tsaya su sayi gasasshen maro, wani ɗan itace mai ɓawo, a wajen mai kurar ƙarfe, su ci suna tafe. A irin wannan tafiya ta ba shi labarin yadda take bin kakarta bakin tafkin Madarunfa sayen kifi tana yarinya, labarin da bai taɓa ji ba duk zamansu.

Ƙulla ƙugiyar ma ya gwada. Rachidou ya aiko masa da ɗan ƙarfen da ke riƙe ta, shi kuma zare ba abin nema ba ne a wurinsa. Gashi ya samo wajen wani mai kaji a kasuwar Château Rouge, wanda ya fige masa na zabo ya cika masa leda yana mamaki. Sai dai yatsun Alhaji kaurara ne, abin da yake ƙullawa ya fi kama da tsumman goge fitila. Hajiya Luba ta gaji da kallo, ta ce ya matsa. Ita da ta yi shekaru tana ɗinkin hula kafin idonta ya fara neman tabarau, ba ta sha wuya ba. Ta naɗe jikin ƙugiyar da baƙin siliki, ta zagaya shi da zaren zinariya irin na wuyan babbar riga, ta ɗaura gashin zabo mai ɗigo-ɗigo ya kwanta baya. Ta jefa cikin kofin ruwa, gashin ya buɗe yana motsi kamar mai rai.

Labari ya kai masallaci, ba a san ta ina ba. Malam Idrissa ya tare shi.

"Alhaji, mun aike ka ka dawo da mutum ɗaya, sai muka rasa biyu."

"Uku," in ji Alhaji. "Ba ka ƙirga Hajiya ba."

Da Satumba ta zagayo, su huɗu suka tafi. Rachidou ya kama musu wani ɗan gida na haya a ƙauyen da ke kusa da kogin, aka bar yaran Zouera wajen maƙwabta. An kwana biyu ana ruwa kafin zuwansu, kogin ya ƙaru, ya yi duhu kaɗan. Rachidou ya tsaya a kan gada ya daɗe yana dubawa, ya ce sun zo a daidai.

Matan suka shimfiɗa tabarma a kan tudu inda suke hango su, da kwanon dambu da fulas. Wannan karon wandon robar Alhaji nasa ne, daidai shi. Ya buɗe akwatinsa ya zaɓi ɗaya daga cikin ƙugiyoyin da Hajiya Luba ta ƙulla. Rachidou ya karɓa ya juya ta a tafin hannu, ya roƙi a ba shi guda.

Safiya ta wuce ba labari. Rachidou ya kama wani ɗan ƙarami ya sake shi. Alhaji ya bi dogon wuri mai zurfi daga sama har ƙasa, ya fito ya huta, ya koma ya sake farawa daga sama. Ya kai wajen da ruwan ke lafawa kafin ya faɗa kan duwatsu, zaren yana kewayowa a hankali, sai ya tsaya cak kamar ya kama gungume. Hannunsa ya so ya fizga. Ya riƙe kansa, ya ɗaga sandar sannu. Gungumen ya motsa.

Kwarkwaron ya ɗauki kuka, zare na fita da gudu. Kifin ya yi tsalle ya fito gaba ɗaya, fari sol da baƙaƙen ɗigo, ya faɗa da ƙarar da ta sa matan miƙewa tsaye.

"Bar shi ya tafi!" Rachidou yana tahowa cikin ruwa. "Kada ka riƙe kwarkwaron, Yaya Alhaji, bar shi ya gudu!"

Kifin ya nufi ƙasa, dole Alhaji ya bi shi, yana tuntuɓe a kan duwatsu masu santsi, Rachidou riƙe da ɗamararsa ta baya. In kifin ya tsaya sai Alhaji ya naɗe zare kaɗan, in ya zabura ya sakar masa. Hannunsa ya yi tsami, gumi na zuba masa duk da sanyin. Daga kan tudu yana jin Zouera tana ta salati, Hajiya Luba kuma tana faɗin "A hankali, Alhaji, a hankali." Sau biyu kifin yana zuwa kusa, ya ga raga ya koma tsakiya. A na ukun ya kwanta a gefensa, Rachidou ya zura ragar ƙarƙashinsa ya ɗaga.

Suka ja shi bakin gaɓa inda ruwa bai kai gwiwa ba. Alhaji ya durƙusa. Tsawon kifin ya kai daga yatsun Alhaji zuwa kafaɗa, bayansa toka-toka, haɓarsa ta ƙasa ta lanƙwaso sama kamar ƙugiya. Gashin zabon yana maƙale a gefen bakinsa.

"Namiji ne," in ji Rachidou. Ya gwada shi da alamar da ke jikin sandarsa. "Ya wuce awo nesa." Daga nan ya riƙe ragar cikin ruwa yana jira.

Alhaji ya sa hannu ƙarƙashin cikin kifin, ya ji sanyinsa da ƙarfin da ya rage masa. Ya ɗaga kai ya dubi Rachidou, ya dubi tudu. Hajiya Luba ta gangaro har bakin ruwa, ta tattare zanenta da hannu ɗaya.

"Alhaji, kada ka kuskura. Sanyin da na sha a kan bencin nan ba na banza ba ne."

Alhaji ya sake duban mijin ƙanwarsa.

"Rachidou, ba za ka ji haushi ba?"

"Halalinka ne, Yaya Alhaji. Kai ka kama. Ni ma na farkon da na kama, sai da muka ci shi har ƙashi."

"Wannan ɗaya dai," in ji Alhaji. "Na gaba mu gani."

Ya yi bisimilla, Rachidou ya nuna masa inda zai buga a ka don kada kifin ya wahala, bugu ɗaya ya isa. Suka naɗe shi da ɗanyar ciyawa. Alhaji ya zauna a kan dutse, Zouera ta miƙo masa shayi.

Da yamma matan suka karɓe ɗan kicin ɗin gidan hayar. Da aka buɗe kifin, namansa ja-ja ne kamar cikin gwanda, Hajiya Luba ta kira kowa ya zo ya gani. Ta shafe shi da tafarnuwa da citta da yajin da ta ƙullo daga Paris, ta soya rabi, rabi kuma aka yi romo da tumatir aka zuba a kan shinkafa. Suka aika wa tsohuwar da ta ba su hayar da yanka guda a faranti. Suka ci a tsakar gida, tafkin yana can ƙasa shimfiɗe, hasken yamma a kansa.

"To, Hajiya, ya kika ji?" in ji Rachidou.

Ta tauna a hankali, ta yi tunani.

"Ba laifi. Amma bai kai giwan ruwa ba."

Ta miƙa hannu ta ƙara yanka na biyu. Zouera ta kwashe da dariya har ta ƙware, mijinta yana bubbuga mata baya.

Washegari Lahadi jirginsu na yamma ne, don haka suka koma kogin da safe. Alhaji yana shirin sa wandonsa sai ya ga Hajiya Luba ta ɗauki tsohon na Rachidou da ke bayan mota, tana juya shi.

"Wannan ta ina ake shiga?"

Zouera ta kai ta bayan mota ta taimaka mata, ta tura zanen ciki, ta ɗaure mata mayafin a ƙugu. Ta fito tana tafiya kamar agwagwa, ta gargaɗe su cewa duk wanda ya yi dariya ba zai ƙara ganin ƙugiyarta ba. Alhaji ya riƙe mata hannu suka shiga, taku ɗaya bayan ɗaya, har ruwa ya kai mata gwiwa.

"Wayyo, sanyi! Alhaji, haka kuke tsayawa cikin wannan abu?"

"Mu fita?"

"Wa ya ce maka zan fita? Ba ni sandar."

Ya ba ta, ya koma bayanta ya tsaya inda zai ga zaren. Jifarta ta farko ta faɗo a gabanta a tare. Ta ce sandar ce ba ta da kyau, ta naɗe zaren ta sake ɗagawa. Can sama Rachidou ya riga ya fara bin ruwansa, Zouera kuma ta koma kan tabarma ta zuba wa kanta shayi.